Daga Shekara Biyar Zuwa Sama, Wa Ke Duba Yaron Kawaji?

Tsarin kiwon lafiya a Kano yana riƙe da hannun yaro ne har ya cika shekara biyar, daga nan sai ya sake shi. Tun yana ciki ake kiran mahaifiyarsa awo. Ranar da aka haife shi akwai allurar da ke jiransa, haka a sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu, sai wata tara, sai kuma wata goma sha biyar. Idan damina ta faɗi, ma'aikata kan bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, amma na 'yan wata 3 zuwa wata 59 ne. Bitamin A da ake ɗiga wa yara a makon lafiyar mata da ƙananan yara shi ma a nan iyakarsa take. Ko da ba a cika waɗannan alkawura duka ba, aƙalla akwai kati, akwai ma'aikaci, akwai wanda za a tuhuma in an yi sakaci. Da zarar yaro ya shiga aji ɗaya na firamare, sunansa ya fita daga littattafan asibiti. Ba zai sake komawa ciki ba sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga, ko kuma, in mace ce, ranar da ita ma ta zo awon nata cikin.

Mazaɓar Kawaji, a ƙaramar hukumar Nassarawa, wuri ne mai kyau na kallon wannan giɓi, domin duk kayan aikin da ake buƙata suna kusa da ita. Ga asibitin Sir Muhammadu Sanusi a Yankaba. Ga kasuwar Yankaba, inda ake sauke kayan miya da ganyaye kowace safiya. Ga unguwannin Dakata da Sauna cike da yara. Tafiyar 'yan mintoci a adaidaita-sahu kuma za ta kai mutum GRA ta Nassarawa, inda wasu makarantun kuɗi ke da ɗakin jinya da ma'aikaciyar jinya mai albashi, har ma sukan nemi katin rigakafi kafin su karɓi yaro. Iyayen da ke biyan wannan kuɗi sun riga sun yarda cewa lafiya ɓangare ce ta karatu. Abin da ya rage shi ne a tambayi dalilin da ya sa ɗan mai tura kurar ruwa, wanda ya fi kowa buƙatar a duba shi, ya zama shi ne babu mai dubawa.

Annobar mashaƙo ta nuna farashin wannan sakaci. Cutar ta ɓulla a ƙarshen 2022, ta yi ƙamari a 2023, kuma Kano ce cibiyarta. A watan Oktoba na 2023, alƙaluman hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun nuna cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar sun kamu a Najeriya a Kano suke, kuma kusan kashi uku cikin huɗu yara ne 'yan shekara 1 zuwa 14. Mafi yawansu ba su kammala rigakafi ba. Mashaƙo cuta ce mai bin numfashi, tana son ɗaki mai cunkoso da ƙarancin iska, wato dai irin ajin da yara ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Allurar da ke hana ta tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta. Yaron da ya rasa ta yana jariri yana da dama ta biyu, ita ce ranar da aka kawo shi rajistar makaranta. A ranar uwa ko uba na tsaye a gaban shugaban makaranta, da an tambayi kati, da an gane wanda ba shi da shi, da an tura shi ɗakin shan magani mafi kusa. Tambaya ce ta minti ɗaya da ba ta cin ko sisi, kuma a mafi yawan makarantun gwamnati ba aikin kowa ba ne ya yi ta.

A rubuce kam, ba a bar komai ba. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da Manufar Lafiyar Makarantu ta Ƙasa, mai ginshiƙai biyar: muhalli mai tsabta, ciyarwa, koyar da kiwon lafiya a aikace, duba lafiyar ɗalibai, da alaƙar makaranta da gida da al'umma. Manufar ta yi maganar gwada yaro kafin ya fara karatu, da ajiye bayanan lafiyarsa, da ɗakin jinya, da ruwa da makewayi. Shekaru kusan ashirin bayan haka, in aka ce "lafiyar ɗalibai" a gaban ɗan siyasa ko ɗan jarida, abu ɗaya ke faɗo masa a rai, shi ne abinci. Ginshiƙi ɗaya ya haɗiye huɗu.

Tarihin ciyarwar kansa abin nazari ne. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta fara gwajin ciyar da ɗalibai a jihohi 12 da Abuja, har da Kano. Cikin 'yan shekaru shirin ya mutu kusan ko'ina, jihar Osun dai ta riƙe nata. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta yi nata tsarin na ciyarwa da raba kayan makaranta kyauta ta hannun kwamitocin CRC na ƙananan hukumomi. A 2016 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin ciyarwa na ƙasa ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar da shi naira 100, kuɗin da a yau ba zai sayi ƙwai guda ba. A watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a, har da ciyarwar, bayan badaƙalar kuɗi a Ma'aikatar Jin Ƙai. Duk wanda ya bi wannan jeri zai ga cewa tukunyar tana hawa murhu ne da zuwan gwamnati, ta sauka da tafiyarta ko da rikicinta.

Babu mai hankalin da zai raina kwanon abinci a gaban yaron da ya fito gida bai karya ba. Yunwa tana hana fahimta, kuma malamai sun shaida yadda aji ke cika a ranakun da ake raba abinci. Indiya tana ciyar da yara sama da miliyan 100 a kowace ranar karatu, tun bayan umarnin Kotun Ƙolin ƙasar na 2001, kuma Birazil ta sa a doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 na kuɗin ciyarwa a sayi amfanin ƙananan manoma da shi. Sai dai a ƙasashen biyu kotu da doka ne suka ɗaure shirin, ba alherin wani shugaba ba ne. Akwai kuma dalilin da ya sa ciyarwa ta fi sauran ginshiƙan farin jini a wajen masu mulki a nan gida. Tana da kwangila, tana da masu dafawa da za a ɗauka a kowace mazaɓa, tana da hoton gwamna yana cin shinkafa tare da yara. Yashe masai ba shi da hoto. Gwajin ido ba shi da kamasho. Abin da ba ya kawo kwangila ko ƙuri'a kuwa, a bakin ƙofar kasafin kuɗi yake kwana.

Ingila, wadda daga gare ta aka gaji makarantar boko, ba ta raba abubuwan biyu ba. Lokacin yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, hukumomin soja sun tarar cewa da yawa daga samarin da suka zo shiga soja jikinsu bai kai ba, saboda yunwa da cututtukan ƙuruciya. Abin ya tayar wa masu mulki hankali. A 1906 majalisa ta ba ƙananan hukumomi ikon ciyar da ɗalibai, a 1907 kuma ta wajabta duba lafiyar yara a makarantun gwamnati. Abin lura, a daidai shekarun da sojojin Lugga suka ci Kano, a 1903, ƙasarsu tana can tana auna haƙoran 'ya'yanta da idanunsu don tsoron kada daular ta rasa masu riƙe mata bindiga. Niyyar ba ta tausayi ba ce zalla, amma lissafin daidai ne: abinci ya zo, dubawa ta biyo shi a shekara mai zuwa.

To me dubawar za ta gano a aji irin na Kawaji? Na farko, ido. A kowane aji mai yawa akwai yaran da ba sa ganin allo sosai, kuma yaro ba ya kawo ƙarar abin da bai san akwai wanda ya fi shi ba. Yana zaton haka kowa ke gani. Sai ya riƙa kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi, ya riƙa kuskure, a kira shi daƙiƙi, a zane shi, a mayar da shi layin baya inda lamarin zai ƙara lalacewa. Gwajin farko ba ya buƙatar likita. Allon haruffa ne da ake maƙalawa a bango, a tsayar da yaro a nisan mita shida, ya rufe ido ɗaya ya karanta. Malami zai koyi wannan a wuni guda. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan yammacin Sin, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa raba tabarau kyauta ga yaran da ke buƙata ya ɗaga makinsu na lissafi. Kano kuwa gari ne da ake zuwa neman maganin ido daga jihohi maƙwabta har da Nijar, asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari ya daɗe da yin suna. Ƙwararrun suna nan, yaron ne ba a kai musu ba.

Na biyu, tsutsar ciki da tsargiya. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowacce yawan masu tsargiya a duniya, kuma 'yan makaranta ne suka fi ɗauke da ita, domin su ne masu wanka a kududdufi da magudanan ruwa. A jihar Kano yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa sun san ta sarai, kuma kududdufan cikin gari ba su kuɓuta ba. A wasu wurare har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji, alhali ƙwayayen tsutsa ne ke yi wa mafitsararsa rauni. Maganin, firazikwantel, kamfanin Merck ne ke bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ana auna adadin ƙwayoyin da tsawon yaro, da wata sanda mai alamomi, don haka malami ma zai iya bayarwa. Sharaɗinsa guda: kada a sha shi ciki babu komai, in ba haka ba sai tashin zuciya da jiri. A nan ne ake ganin amfanin haɗa ginshiƙan. Ranar raba magani ita ce ranar da kwanon abinci ya fi daraja, kuma yaro ɗaya da ya yi amai a makarantar da ba a ciyar da shi ba ya isa ya sa unguwa guda ta hana 'ya'yanta sha a shekara mai zuwa.

Masana tattalin arziki biyu, Edward Miguel da Michael Kremer, sun wallafa bincikensu na yankin Busiya a Kenya a 2004, inda suka ce raba maganin tsutsa a makarantu ya rage fashin ɗalibai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kremer na cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019. Gaskiya ne cewa wasu masana sun sake bin alƙaluman a 2015 sun ce amfanin bai kai yadda aka zuzuta ba, kuma muhawarar ba ta mutu ba. Amma ko masu sukar ba su ce a bar yaro da tsutsa ba. Gardamarsu a kan raba wa kowa ne ba tare da an gwada ko yana da cutar ba, abin da ke nufin sai an fara sanin yawanta a kowane yanki, wato dai an koma ga dubawa.

Na uku shi ne wanda ba a son faɗa a taro: makewayi da ruwa. Magani zai kashe tsutsa, amma yaron da ke tsugunno a bayan aji, ya dawo ya sa hannu a ƙosai ba tare da ya wanke ba, zai sake kamuwa kafin zangon karatu ya ƙare. Ga 'yan mata lamarin ya fi haka nauyi. Yarinyar da ta fara al'ada tana aji shida ko ƙaramar sakandare, a makarantar da banɗakinta ba shi da ƙofa ko ruwa, zaman gida za ta zaɓa na wasu kwanaki kowane wata, kuma ba za ta taɓa faɗa wa malami dalili ba. Kano na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya a 2020, wanda ya haɗa da gyaran azuzuwa da banɗakuna a makarantun sakandare. Gini dai ana yi. Wahalar tana zuwa ne bayan wata shida, lokacin da famfon burtsatse ya lalace, masai ya cika, aka rasa wanda zai sayi omo da tsintsiya, sai shugaban makaranta ya sa kwaɗo ya rufe don kada a ƙara ɓatawa.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, yana mai cewa ɗalibai sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zaune. Wanda ya ji wannan adadi zai iya cewa maganar tabarau ta yi wuri, a fara samar da benci da malami tukuna. Hujja ce mai ƙarfi, amma tana da rauni a wuri ɗaya. Benci da gini da albashi su ne masu cin biliyoyi da shekaru. Tambayar kati, da allon gwajin ido, da littafin rajistar lafiya, da maganin da aka riga aka bayar kyauta, ba su gasa da su a kasafi. Abin da suka rasa shi ne mai su. Ma'aikatar Ilimi da SUBEB suna ganin lafiya aikin Ma'aikatar Lafiya ne. Hukumar kula da lafiya a matakin farko tana ganin harabar makaranta ba hurumi nata ba ne sai in an zo gangamin rigakafi. Ƙaramar hukuma tana kallon su biyun. Jakin da mutum uku suka haɗa kuɗi suka saya, da yunwa yake kwana.

Mafita mafi kusa ita ce a ɗauki mazaɓa a matsayin ma'auni. Najeriya ta daɗe da manufar samar da cibiyar lafiya mai aiki aƙalla guda a kowace mazaɓa, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun da ke kai kuɗi kai tsaye ga irin waɗannan cibiyoyi. Kano ma tana da nata asusun, KHETFUND. Abin da ya dace shi ne a rubuta wa kowace cibiya sunayen makarantun da ke ƙarƙashinta, a ba ma'aikaci guda, da sunansa da lambar wayarsa a bangon ofishin shugaban makaranta, alhakin ziyartar kowacce sau ɗaya a zango. Ya duba katunan sababbin shiga, ya sa ido a gwajin gani da ji, ya rubuta masu amosanin jini da masu asma da masu farfaɗiya don malamai su san wanda bai kamata a sa shi gwale-gwale a rana ba, ya leƙa banɗaki ya rubuta abin da ya gani. Rahoton ya je wa shugaban ƙaramar hukuma da kwamitin gudanar da makaranta, a karanta shi a gaban iyaye da mai unguwa. Kano ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Makarantar Koyon Tsabta ta Kano tun 1932 take yaye ma'aikata, kuma dattawa ba su manta da duba-gari ba, mutumin da jin zuwansa kaɗai ke sa a wanke randa. Ɗaliban wannan makaranta da na sauran kwalejojin lafiya suna neman wuraren sanin makamar aiki kowace shekara, ga makarantun firamare nan babu mai leƙa su.

Akwai abu ɗaya da zai iya rusa wannan duka, shi ne rashin yarda, kuma Kano tana da dalilinta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, shari'a kuma ta ɗauki shekaru. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan-inna, ba a dawo ba sai a tsakiyar 2004. Duk wanda ya shiga makaranta da allura ko ƙwaya ba tare da iyaye sun sani ba, wannan tarihi yake tsokana. Amma Kanon ce kuma ta nuna yadda ake gyarawa. Da aka sa hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai a gaba, aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje, cutar ta ja da baya, har aka ga mai ɗauke da nau'inta na asali na ƙarshe a jihar a Sumaila a watan Yulin 2014. Lokacin da aka fara rigakafin cutar dajin bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, Kano na cikin rukunin farko, kuma jita-jita ta bi wayoyi kamar yadda aka saba. Ma'aikacin da iyaye suka saba gani kowane zango, wanda ya gano cewa 'yarsu tana buƙatar tabarau, ya fi baƙon da ya sauko daga mota da akwatin sanyi samun kunnen da zai saurare shi.

Saura waɗanda ba sa makarantar gwamnati. Makarantun kuɗi na cikin lunguna, waɗanda aka mayar da gidajen haya azuzuwa, sun fi na GRA yawa nesa ba kusa ba, kuma wasunsu ba su da ko filin da yaro zai miƙe ƙafa. Gwamnati tana da linzaminsu. A Janairun 2022, bayan kisan gillar da mai wata makaranta ya yi wa ɗalibarsa 'yar shekara biyar a wannan ƙaramar hukuma ta Nassarawa, gwamnatin jiha ta janye lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu don sake tantance su. Hukumar da ta iya haka a rana ɗaya za ta iya sa ruwa, da banɗakin mata daban, da rajistar rigakafi cikin sharuɗɗan sabunta lasisi.

Almajiran tsangaya da yaran da ba sa zuwa boko su ne suka fi wuyar kaiwa, kuma shirin da ya tsaya a ƙofar firamare ya bar su a waje. Sai dai su ma ba a warwatse suke ba. Kowane almajiri yana da malami da zauren da yake kwana, kuma ƙazuwa da makero da ke yawo a tsakaninsu cututtuka ne masu sauƙin magani in an yi wa ɗaki guda a lokaci ɗaya. Islamiyya kuwa, da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, tana tara yaran da boko bai tara ba, musamman 'yan mata, kuma a nan ne ɗan ma'aikacin banki da ɗan mai gadinsa ke zama a tabarma ɗaya suna shaƙar iska ɗaya. Jerin makarantun da za a miƙa wa cibiyar lafiya ta Kawaji, in an tashi rubuta shi, ya kamata a rubuta shi a zauren mai unguwa, domin shi ne ya san kowace tsangaya da kowace Islamiyya da ke lungunsa, har da waɗanda ba su da allon suna a bakin ƙofa.